Na gaji da tsaron shago, ko in koma harkar albasa?

Wani matashi daga Tawa, a Nijar, ya aiko da tambaya. Ya daɗe yana tsaron shagon kayan masarufi na wani Alhaji a kasuwa, albashi bai motsawa, kuma zuciyarsa ta fita daga aikin. Ya tara jaka ɗari huɗu, wato sefa dubu ɗari huɗu, yana so ya ajiye makulli ya shiga sayen albasa a Galmi. Ya ce: in tafi ko in yi haƙuri?

Ƙanena, gajiyarka gaskiya ce, kuma ba zan ce ka danne ta ba. Mutumin da ke buɗe shago da safe ransa a ɓace, ko ciniki ba ya yi masa daɗi. Amma fara tambayar kanka: kasuwancin ne ya ishe ka, ko zama ƙarƙashin wani? In na biyun ne, maganinsa na iya zama shagonka na kanka, a sana'ar da ka riga ka san farashinta, ka san masu sari, ka san wanda ke biyan bashi da wanda ke ɓacewa.

Albasa kuwa wata duniya ce. A watan Maris da Afrilu, lokacin girbi, tana cika Galmi da Madawa da Tsernawa, farashi ya faɗi ƙasa. Masu riba su ne waɗanda suka saya a lokacin, suka zuba a rudu, wato bukkar ajiyar albasa, suka jira har wajen Oktoba zuwa Disamba sa'ad da ta yi wuya. Wata shida ko fiye ke nan kuɗinka yana kwance cikin bukkar kara. Damina ta zo, laima ta shiga, ka buɗe rudu ka ji wari, ka zauna kana tsince ruɓaɓɓu da hannu, wasu sun tsiro, wasu sun motse. Buhun da ka zuba ba shi za ka kwashe ba. Wadda aka cika wa taki da ruwa ta fi saurin lalacewa, kuma baƙo ba ya gane ta da ido. Dillali ya gane, manomi ya gane. Ga kuma kasuwarta ta dogara da masu kai kaya Gana da Kodebuwa, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 hanyoyin fitar da kaya suka rikice.

Saboda haka kada ka saki reshe ka kama ganye. Bana ka ware jaka ɗari kawai, ka haɗa hannu da wani amintacce da ya daɗe a harkar, ka rubuta komai: kuɗin buhu, na dako, la'adar dillali, abin da ya ruɓe. Sauran kuɗin ka bar su don cefanen gida. Ƙarshen shekara lissafin zai faɗa maka gaskiya.

Batun Alhaji kuma, kada ya ji labarin a bakin mutane. Ka samu wani dattijo da yake jin nauyinsa ku je tare, ka faɗa masa kana son tsayawa da ƙafarka, ka nemi sallama. Iyayen gida da yawa kan sallami yaro da jari ko su ba shi kaya bashi. Ka ba shi lokaci ya samu wanda zai maye gurbinka, ku ƙirga kayan shago a gaban shaida kafin ka miƙa makulli.