Akwatin sheƙa ya yi wata uku babu tsuntsu

Malam, ka ce ka rataye akwati a gidanka na Gusau, har yau babu tsuntsun da ya shiga. Abin da na fi zargi shi ne zafi. Idan da kwano ka yi shi, cire shi yau, domin ranar Afrilu za ta gasa ƙwan. Sami katako mai kauri, ka rataye a inuwar dogon yaro, sama da mita 3, inda mage ba ta kaiwa da sauƙi. Kada bakin ya kalli gabas, daga can hadari ke tasowa.

Tsuntsuwar gwara, ƙofar santimita 3 zuwa 4 ta ishe ta. Ni kaskon ruwa na ajiye a gindin bishiyar, kullum da safe ina sabuntawa, shi ya fara jawo min su. Yara kuma a karɓe danƙonsu, don Allah.