Amsa ga ƙanena mai tambaya kan wasan katoi a Pataya

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya da daddare, na bari sai da na samu natsuwa, domin ba abin da za a amsa a layi biyu ba ne. Ka ce kai da maiɗakinka za ku Bankok, babban birnin Tailan, sarin kaya, ejan da ya haɗa muku tafiya ya saka kwana biyu a Pataya, a ciki har da tikitin wasan kabare, wato rawa da waƙa a kan dandamali, na mazan nan masu rayuwa irin ta mata, kuma an riga an biya kuɗin. Kana tambaya ko ku shiga ko ku bari. Na ga wasu sun ce maka haramun ne, ba sauran magana, wasu kuma sun ce ai kallo ne kawai. Ni na taɓa shiga sau ɗaya, kuma na yi shekaru ina zuwa ƙasar ɗauko kaya daga kasuwar Pratunam da ke Bankok, don haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani, sannan in faɗa maka inda na tsaya.

Mutanen Tailan suna kiran waɗannan mutane katoi, direbobin tasi da masu tallar tikiti kuma suna ce musu ledi-boi saboda baƙi. An haife su maza ne, suka taso suna jin kansu mata, suna sa kayan mata, da yawa suna shan magungunan da ke sauya jiki, wasu har tiyata. Kada ka rikita su da mata-maza da malamanmu ke magana a kansu a babin gado, wannan halitta ce daban. Sun ɗan yi kama da 'yan daudunmu ta wata fuska, amma can abin ya fi nisa, kuma ba a ɓoye yake ba. Za ka gan su a kantin kayan kwalliya, a wurin gyaran gashi, a gidan abinci, tun kafin ka je kusa da wani gidan wasa.

Pataya kuwa ƙauyen masunta ne a da. Sojojin Amurka da ke zuwa hutu lokacin yaƙin Biyetnam, a shekarun 1960, su suka mayar da shi garin shaƙatawa, daga nan mashaya da otal-otal suka cika bakin teku. Tafiyar kamar awa biyu ce a mota daga Bankok. Gidan wasan da ya fi suna, Tiffany's Show, ya faro ne a 1974, Alcazar ya biyo baya a 1981. A Bankok akwai Calypso, a Fuket akwai Simon Cabaret. Tun 2004 ake gasar sarauniyar kyau ta katoi ta duniya a Pataya, ana nunawa a talabijin. Na kawo wannan ne don ka san ba lungu za a kai ka ba. Babban zaure ne mai kujeru jere kamar sinima, da na'urar sanyaya ɗaki, da motocin 'yan yawon buɗe ido cike da harabar.

Yadda aka yi na shiga: wani ɗan kasuwa da muke hulɗa da shi ne ya gayyace mu, ni da wani abokin tafiyata, bayan mun gama lissafi. A wurinsa karramawa ce, kamar yadda za ka kai baƙonka kallon hawan daushe. Ban tambayi ko wane irin wasa ba ne, na ɗauka raye-rayen gargajiya ne, sai da muka zauna aka buɗe labule abokina ya raɗa min a kunne. Na ji kunyar tashi a gaban mai masaukinmu, na zauna har aka tashi.

Wasan ya ɗauki awa ɗaya da 'yan mintuna. Ba tsirara ake yi ba, wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya ce maka ana aikata alfasha a kan dandamali ya haɗa shi ne da wasu wuraren daban, irin mashayan titin Walking Street na Pataya da waɗanda 'yan kamasho ke jan mutane zuwa cikinsu a unguwar Patpong ta Bankok. Waɗancan ko kusa da ƙofarsu kada ka je, ban da ɓarnar da ke ciki ana damfarar baƙi da lissafin abin sha. Shi kabare kuwa fitowa-fitowa ne: a sa waƙar Sin su fito da kayan fadar Sin, a sa ta Indiya su fito da sari, a sa ta Koriya, a sa ta Turawa, saboda kowane rukunin baƙi ya ji tasa. Ba su suke rera waƙar ba, bakinsu kawai ke bin faifan. Kayan da suke sawa da fitilu da yadda ake sauya dandamali cikin ƙiftawar ido, wannan aiki ne na mutanen da suka sha atisaye, ba zan tauye musu ba. A zauren na ga tsofaffi, na ga iyalai da yaransu.

Amma ga abin da masu cewa kallo ne kawai ba su gaya maka ba. A fitowa da yawa kayan ba su rufe komai ba sai kaɗan, ƙirji da cinyoyi a waje, kuma jikin da kake kallo jikin mace ne a ido, komai abin da aka rubuta a takardar haihuwa. Duk wanda ya ce maka ai maza ne don haka babu batun runtse ido, yaudarar kansa yake. Ni na san abin da na ji a zuciyata a wurin, kuma ban ji daɗin kaina ba. Sannan akwai mai barkwanci a cikinsu da ke saukowa cikin 'yan kallo, ya zaɓi wani namiji a layin gaba, ya zauna masa a cinya ko ya sumbace shi a goshi, zaure ya ɗauki tafi. A daren da na je wani dattijo aka yi wa haka, yana ta murmushin dole. Ka ɗauka kai ne, matarka na gefenka. Tikitin kuma yakan zo da abin sha guda, akwai lemo akwai giya, na kusa da kai yana iya zaɓar giyar. Wasan farko yakan fara ne wajen ƙarfe shida na yamma, daidai lokacin da rana ke faɗuwa a can, don haka magariba a ciki za ta same ka.

Idan aka tashi, 'yan wasan suna jeruwa a waje don ɗaukar hoto, kuma kowace wadda ta tsaya kusa da kai tana jiran ka ba ta wani abu, a lokacin bat ɗari na kuɗin ƙasar ne aka saba. Idan uku suka shigo hoton, uku za ka biya. Baƙi da yawa suna ganin kamar an yi musu wayo, alhali wannan kuɗin wani ɓangare ne na abin da suke ci da shi.

To ina na tsaya? Ban sake komawa ba, kuma idan shawarata kake nema, ku bari. Hadisin Ibn Abbas da ke cikin Buhari kan maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza sananne ne, ba sai na karanta maka ba, kuma wasan gaba ɗayansa a kan wannan kamantawar aka gina shi, ita ake sayar maka da tikiti. Ga kiɗa, ga bayyana jiki. Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, amma tun da har ka zauna ka rubuta tambaya, zuciyarka ta riga ta nuna maka ba ta natsu ba, kuma an ce mu bar abin da ke sa mu kokwanto zuwa wanda ba ya sa mu. Batun an riga an biya kuwa, kuɗin tikiti biyu bai kai ribar dila ɗaya ba. Kada ka yi irin tawa, ka zauna saboda kunyar mutum. Daga baya da na gaya wa mai masaukin nan cewa addinina bai sake min da irin wannan ba, haƙuri ya ba ni, a zuwana na gaba ya kai ni gidan abincin Musulmi. Mutanen can sun san Musulunci, akwai Musulmi miliyoyi a ƙasar, galibi a kudu, kuma a Bankok da Pataya duk akwai masallatai.

Sai dai akwai wani ɓangare da ya fi damuna fiye da shiga ko rashin shiga, kuma saboda shi na tsawaita. Na ga amsar wani a nan da ya ce ka je ka ɗauko mana bidiyo mu sha dariya. Wallahi wannan ya fi muni. Na sha ganin 'yan'uwanmu sun je sun yi hoto da su, sun dawo sun baza a WhatsApp da zagi da tsinuwa, wato sun ci kallon, sun kuma ci naman mutane, sannan suna ganin sun fita. In ka ƙi abu don Allah, ka ƙi shi tun daga bakin ƙofa. Ba a shiga a more sannan a fito a tsine.

Zan gaya maka abin da ya sauya min kallon da nake musu. A ofishin da nake auna kaya a Pratunam akwai wata katoi da ke riƙe da lissafi. Na ce wata domin haka kowa ke kiranta a wurin, kuma ban ga abin da zan ƙaru da shi ba in na tsaya gardamar suna da mai auna min kaya. Shekara da shekaru ba ta taɓa cin min ko sisi ba. Wata rana na yi kuskuren biyan kuɗin dila ɗaya sau biyu, ita ta kira ni a waya ta mayar min, ni ban ma lura ba. A hira na gane ta yi karatun akanta, ta nemi aiki a manyan kamfanoni, amma da an ga katin shaidarta sai magana ta mutu. Dokar ƙasar ba ta ba su damar sauya jinsi a takarda, don haka katin shaida da fasfo duk namiji suke nunawa, komai tiyatar da aka yi. Ko da ƙasar ta halatta auren jinsi a watan Janairun 2025, wannan bai sauya ba. A watan Afrilu na kowace shekara, lokacin da ake tara samari 'yan shekara 21 don ƙuri'ar shiga soja, jan kati ka tafi, baƙi ka tsira, su ma dole su bayyana a layin maza da kayansu na mata, su nuna takardar likita kafin a sallame su, 'yan jarida na ɗaukar su hoto. Ita wannan da nake faɗa maka, duk wata tana aika wa mahaifiyarta kuɗi ƙauye a yankin Isan, arewa maso gabashin ƙasar, inda talauci ya fi yawa.

Don haka idan ka ji ana cewa Tailan aljannar katoi ce, ka rage. Ana haƙuri da su, ana dariya da su, ana cin kuɗin baƙi da su, amma ƙofofi da yawa a rufe suke gare su, shi ya sa suka taru a rawa da kwalliya da abin da ya fi wannan muni. Mai rawar da ke kan dandamali sau biyu ko uku take maimaita wasan nan a dare ɗaya, da takalmi mai tsini, da kaya masu nauyi a ka. Ban yarda da hanyar ba, na faɗa a sama kuma ban janye ba. Amma mutum ce mai neman abinci, mai uwa, kuma ni ban san yadda Allah zai cika da ni ko da ita ba. Mu a gida ma mun san 'yan daudu da ke soya kaji da tuya a tasha, muna sayen abincinsu, muna zaginsu a bayan ido, ba mu taɓa tambayar yadda aka yi suka kai nan ba. Malamai irin su Imam Nawawi sun bambanta wanda aka halitta da laushin ɗabi'a irin ta mata da wanda ya ƙirƙiro wa kansa, suka ce na farko ba shi da zargi a kan abin da bai zaɓa ba. Mu da ba mu san cikin mutum ba, mu riƙe harshenmu.

Za ku haɗu da su ko kun shiga wasa ko ba ku shiga ba, a kanti, a jirgin ƙasa na sama, a wurin karɓar baƙi na otal. Ka gaisa, ka biya kuɗinka, ka wuce. Kada ka nuna da yatsa, kada ka ɗaga waya ka ɗauki mutum ba izini, kuma ka gaya wa maiɗakinka tun a gida don kada abin ya zo mata ba zato ta yi salati da ƙarfi a gaban mutane. Ita ma ka tambaye ta ra'ayinta kan tikitin, kada ka yanke kai kaɗai. Ina kyautata zaton za ta fi ka saurin cewa a bari.

Ka kira ejan tun yanzu ka ce a musanya muku daren da wani abu, yawanci suna yarda in an faɗa da wuri, domin tikitin a sari suke saya. A Pataya akwai lambun Nong Nooch, wuri ne mai faɗi da itatuwa da furanni, iyali za su ji daɗinsa. Akwai jirgin ruwa daga tashar Bali Hai zuwa tsibirin Koh Larn, tafiyar ƙasa da awa ɗaya, sai dai ku tafi da sassafe kuma ku san bakin teku ne, za ku ga masu wanka da kayan wanka. In kai mai son dambe ne irina, ka ajiye dare ɗaya a Bankok ka je filin Rajadamnern ka ga damben Tailan, da gwiwa da gwiwar hannu, ana busa da kiɗa kamar namu na gida. Abincin halal kuma ba zai ba ku wahala ba: layin Larabawa na Sukhumvit Soi 3 cike yake da shi, kuma a Bang Rak akwai masallacin Haroon, tsohon masallaci ne kusa da kogi, a nan nake yawan yin Juma'a in ta same ni a garin.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya sa albarka a kayan. In kun sauka kana neman wurin auna kaya mai amana, ka yi min magana ta gefe in kwatanta maka. A gaida amarya.