Tambaya da Amsa: Yabon da Turawa Suka Yi wa Kundin Mdou Moctar

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina sana'ar tura waƙoƙi a waya a kusa da kasuwar Terminus, kuma wani abokin cinikina ya matsa mini sai na saurari kundin Afrique Victime na Mdou Moctar, mawaƙin nan ɗan Nijar, wai masu sharhi na Amurka da Ingila sun yaba masa ƙwarai. Na saurara har sau biyu, amma abin da ya fi shiga kunnena shi ne ƙarar jita. Shin yabon nan na gaskiya ne, kuma me ya haɗa Ba'abzine da kiɗan da suke kira indi rok? Daga mai karatu a Jos.

Amsa: Ɗan'uwa, yabon ya faru, ba ƙari abokin cinikinka ya yi ba. Kundin ya fito a watan Mayun 2021 a ƙarƙashin kamfanin Matador na birnin New York, kuma da shekarar ta ƙare mujallun kiɗa da dama sun sanya shi cikin jerin kundayen da suka fi burge su. Ta nan ne sunan indi rok ya shigo, domin asalin kalmar tana nufin ƙungiyoyin da ke fitar da aikinsu ta ƙananan kamfanoni masu cin gashin kansu, kuma Matador na cikin waɗanda suka yi suna a wannan fage tun shekarun 1990. Tsarin ƙungiyar ma irin nasu ne: Mdou da jitarsa ta hannun hagu, Ahmoudou Madassane da jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a kan ganguna, sai Ba'amurke Mikey Coltun mai jitar bes, wato mai kaurin sauti.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, kiɗan nan ya fi kusa da shagonka fiye da ofisoshin masu sharhin. A Sakkwato Mdou ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a shekarar 2008, da na'urar nan mai lanƙwasa murya wadda muka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa na wancan zamani. Waƙoƙin sun bazu a Nijar da Mali daga katin memori zuwa katin memori, ta hannun mutane masu irin sana'arka, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsince su a wayoyin jama'a ya fitar da ɗaya daga ciki ta kamfaninsa Sahel Sounds. Ke nan kafin wata mujalla ta ba shi maki, 'yan kasuwa da direbobin Sahara sun riga sun yanke nasu hukuncin.

Inda nake da ja da masu sharhin shi ne abin da suka zaɓa su yaba. Mafi yawansu sun tsaya a kan saurin yatsunsa, suna ta kwatanta shi da shahararrun makaɗan jita Jimi Hendrix da Eddie Van Halen, domin da wannan ma'aunin kunnensu ya saba. Amma shi da Tamashek, harshen Abzinawa, yake rera yawancin waƙoƙinsa, harshen da kusan dukkansu ba sa ji sai ta fassarar da aka miƙa musu. Wanda ya taɓa zama a gidan biki a Agadas zai gane cewa maimaita karin nan da tafi da ke ƙara sauri a hankali daga dandalin rawa suka fito, kuma mai sauraro a can kalmomin yake bi kafin ya kula da gwanintar yatsu. A kundin da ya biyo baya, Funeral for Justice na 2024, saƙon ya fito fili ta yadda ba a iya kauce masa: akwai waƙar da ta tunkari Faransa kai tsaye, akwai kuma Imouhar, wadda ke kiran Abzinawa su riƙe harshensu kada ya ɓace.

Game da makin da mujallu ke bayarwa kuwa, kada ya tsorata ka, domin yakan sauya. Mujallar Pitchfork, wadda ke auna kundi daga 0.0 zuwa 10.0, ta ba mawaƙiya Liz Phair sifili a 2003, sannan a 2021 ta dawo ta ɗaga makin zuwa 6.0, bayan shi kansa marubucin sharhin ya nemi afuwa a bainar jama'a.

Ni kaina a sauraron farko ƙarar ta yi mini yawa, musamman a ƙaramar lasifikar waya, wadda ke cinye bes ta bar maka tsinin jitar kawai. Ka sa abin sauraro na kunne idan kasuwa ta lafa da yamma, ka fara da Tala Tannam, wadda aka kaɗa a natse da jitar da ba ta lantarki ba, sannan ka koma kan waƙar da aka sanya wa kundin sunanta, ka lura da yadda gangunan ke ƙara wuta daga tsakiya zuwa ƙarshe.