Shimfiɗar sit ɗin babur: ba laushi ake nema ba

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce da ka yi awa ɗaya a kan babur sai mazaunanka su ɗauki zafi, ka yi ta gyara zama har ka ƙosa ka sauka, kana tambaya ko shimfiɗar nan da ake ɗaurawa a kan sit tana aiki, kuma wacce ta fi tsakanin ta jel (wani abu mai danƙo kamar roba mai laushi) da ta iska. Tana aiki, na daɗe ina doguwar tafiya da ita. Amma kafin ka fitar da kuɗinka, ka fara gano wane irin ciwo ne ke damunka, domin ba kowanne take magancewa ba.

In za ka sake fita, ka lura da inda abin yake farawa. Idan zafi ne a wurare biyu, dama da hagu, daidai ƙasusuwan nan biyu da mutum ke zama a kansu, to nauyi ne ya taru a wuri ƙanƙane. Kusan duk nauyin gangar jikinka a kan waɗannan ƙasusuwa yake sauka, naman da ke tsakaninsu da sit ya matse, ƙananan hanyoyin jini su danne, jiki ya fara yi maka ƙorafi. Wannan shi ne ciwon da shimfiɗa ta fi iyawa da shi. Idan kuwa raɗaɗi ne da ƙaiƙayi, ka sauka ka tarar wando ya jiƙe ya manne, to zufa ce da gugar fata, maganinta iska ta ratsa ƙarƙashinka. Idan sagewa kake ji a gaba, tsakanin cinyoyi, wurin ya mutu murus sai ka ɗan taka kafin ya dawo, sau da yawa sit ɗin ne ya gangara gaba yana tura ka jikin tanki, kana zaune a siririn wurinsa. Idan kuma ƙugu ne da gadon baya, musamman a hanya mai gargada, to ba a nan gizo ke saƙa ba, ka duba shok da iskar taya da yadda kake miƙa hannu zuwa kan babur.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne su danna sit da babban yatsa, su ji ya lotsa, su ce wannan zai yi daɗi. A minti goma na farko haka ne. Bayan nan soso mai laushi ya gama lotsewa, ƙasusuwanka sun isa farantin roba ko ƙarfen da ke ƙasa, ragowar soson kuma ya taso ta gefe da tsakiya yana danna wuraren da ba a halicce su don ɗaukar nauyi ba. Shi ya sa za ka ga sit mai ɗan tauri amma mai faɗi, wanda ya yi ɗan kwarmi daidai zama, ya fi mai laushi kai mutum nesa. Aikin shimfiɗa mai kyau shi ne ta raba nauyin nan, ya bazu a mazaunai da bayan cinya, kada wuri biyu su ɗauke shi su kaɗai. Duk wadda ba ta yin wannan, kauri kawai ta ƙara maka.

Ta iska ita na fi yarda da ita a tafiyar wuni, kuma ita ce mutane suka fi ɓatawa wajen amfani. Ba jaka ɗaya ba ce, ƙananan aljihunan iska ne jere a haɗe da juna, in ka danna wannan iskar ta gudu zuwa wancan. Dabarar daga matashin keken marasa lafiya ta samo asali. Kamfanin ROHO na Amurka tun shekarun 1970 yake yin irin wannan matashi domin masu wuni a zaune kada su samu gyambo, daga baya aka kawo fasahar kan babur da sunan Airhawk, yanzu kuwa masu kwaikwayo sun cika ko'ina. Sirrinta ɗaya ne: iska kaɗan. Wanda ya hura ta ta yi tim zai ji kamar a kan ƙwallo yake zaune, yana tangal-tangal a kowace kwana, sai ya ce abin banza ne ya jefar.

Ga yadda nake saita ta. In hura da baki sau biyu ko uku, in ɗaura ta, in hau babur yana tsaye, hannu a kan babur, ƙafa a mataki, yadda zan zauna in ina tafiya. Sai in buɗe bawul a hankali, iska tana fita ina nutsewa, har in ji ƙasusuwan nan biyu sun kusa taɓa sit amma ba su taɓa ba, abin da ya rage bai wuce santimita ɗaya ba. A nan nake rufewa. In ka sauka ka dube ta za ka ɗauka ta sace, to a haka take daidai. Ka karkata dama ka karkata hagu, ya kamata ka ji iskar tana bin ka a hankali, ba tana cilla ka ba. Sannan ka sani iska tana kumbura da zafi, kuma in hanya ta hau tsauni mai tsayi za ta ƙara tauri, saboda haka kada ka ji nauyin tsayawa ka ɗan rage. Aibinta sananne ne: tana iya hujewa, kuma tana ɗan raba ka da jin motsin babur a ƙarƙashinka. Mai son kwantar da babur a kwana da gudu ba zai so ta ba.

Ta jel ba ta da wannan hidimar, ɗaurawa kawai za ka yi ka hau, kuma tana ɗan shanye ɓarin inji, wanda masu babur mai silinda ɗaya suka san shi sarai. A zirga-zirgar awa ɗaya ko biyu tana da daɗi. Inda take ba ni haushi shi ne rana. Ka ajiye babur a fili ka shiga wani wuri, ka fito ka tarar ta sha zafi ta ƙoshi, kuma ba ta saurin hucewa irin fatar sit, sai ka yi tafiya mai nisa tana gasa ka. Da sanyin asuba kuma ta yi tauri sai jikinka ya ɗumama ta. Sannan jel ba ya matsewa yadda soso ke yi, matsawa gefe yake yi, don haka in siririya ce ƙashi zai ture shi ya isa ƙasa. In ita ka zaɓa, ka nemi mai rufin raga, ka riƙa cire ta ko ka rufe ta in za ka bar babur a rana.

Akwai kuma soson nan da ke ɗaukar siffar jiki, in ka danna shi ya daɗe kafin ya dawo. A shekarun 1960 aka ƙirƙiro shi a wani aikin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, don kujerun jirgin sama. Yana da daɗin taɓawa, amma zafin jiki yana ƙara masa laushi, ya lotse, kuma yana riƙe zufa. A matsayin siririn layi a saman soso mai tauri yana da amfani. Shi kaɗai, ban ga abin yabo ba.

Idan zufa ce matsalarka, ka manta da duk waɗannan. Ka nemi rufin raga mai kauri, wanda ake saƙa da zaren roba mai tsayuwa, iska tana bi ta cikinsa in kana tafiya, in an yi ruwa kuma ruwan ya zurare ƙasa ba ka zauna a cikinsa ba. Ko shimfiɗar duwatsun katako irin wadda direbobin mota ke sawa a kujera, akwai wadda aka yi daidai sit ɗin babur. Mutane na yi mata dariya, amma a lokacin zafi ba ta da na biyu, sai dai tana da santsi in ka taka birki da ƙarfi, kuma tana iya goge fatar sit. Fatar tunkiya mai gashinta ita ma tsohuwar dabara ce ta masu doguwar tafiya: gashin yana barin iska, yana shan zufa, ba ya ɗaukar zafin rana, da sanyi kuma yana da ɗumi. In ruwan sama ya jiƙa ta ne za ka gane kurenka, domin ba ta bushewa da wuri. Na ga masu ɗora ta a kan ta iska, su ce sun haɗa riba biyu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, ni dai tsayin da hakan ke ƙarawa ya yi mini yawa.

Wannan batun tsayi kada ka raina shi. Kowace shimfiɗa za ta ɗaga ka, wata santimita ɗaya, wata biyu ko uku, kuma in faɗinta ya sauko gefen sit za ta ƙara buɗe maka ƙafa. Idan da ma da kan yatsu kake taɓa ƙasa, ranar da ka tsaya a wuri mai gangara ko yashi da kaya a baya, ɗan wannan bambancin ne zai kayar da kai. Dogon mutum kuwa riba ce gare shi, gwiwarsa za ta ɗan saki. Ka auna faɗin wurin zamanka da tsayinsa kafin ka saya, kada ta fi sit faɗi tana reto, kada kuma gabanta ya hau siririn wurin da ke kusa da tanki, nan ne za ta ƙara danna inda ba a so. Wajen ɗauri, ka cire sit ɗin ka zagaya igiyoyin ta ƙarƙashinsa, ka ja su su yi tsam, ka tabbata ba su shiga makullin sit ba, ba su danne waya ba, ba su toshe inda inji ke shaƙar iska ba, domin a wasu babura ƙarƙashin sit mashigar take. Shimfiɗar da ke zamewa in ka ja birki ta fi ciwon mazaunai haɗari. Ka gwada ta a hanyar da ka sani kafin ka ɗauki doguwa.

Akwai abubuwan da ba sa buƙatar sayen komai, kuma wallahi wani lokacin su ne rabin ciwon. Walat ko waya a aljihun baya, ka cire. Zama a kansu yana karkata ƙugu, yana danna babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Ka juya wandonka ka duba inda ɗinki mai kauri ya bi, haka ɗan kamfai, in bakin ɗinkinsa ya faɗa daidai ƙashin zama, komai tsadar shimfiɗa sai ya yanke ka. Gajeren wandon 'yan tseren keke, ko duk wani marar ɗinki a wurin wanda ba ya riƙe zufa, ya fi auduga nesa ba kusa ba, domin auduga in ta jiƙe ta zauna a jiƙe. Sannan ka riƙa motsi tun kafin zafin ya zo: ka ɗan matsa gaba, ka koma baya, ka danna mataki da ƙafa ka rage nauyi a sit na ɗan lokaci in hanya ta miƙe babu cunkoso. Ka tsaya duk bayan awa ɗaya ko ɗaya da rabi, ko minti biyar ne ka taka. In ka bari sai wurin ya yi tsami, hutun ba zai goge shi ba, da ka koma cikin minti kaɗan zai dawo.

Yanzu batun sit mai gangara gaba, wanda nake zargin yana cikin matsalarka in babur ɗin ƙarami ne. Ka ajiye shi a wuri mai daidai ka dube shi ta gefe. In bayan sit ya fi gaban tsayi sosai, kowane birki zai zame da kai gaba, fatar mazaunai tana jan baya wando yana jan gaba, hannuwanka kuma suna ta tokare ka. Shimfiɗa ba ta gyara wannan, bin gangarar za ta yi. Mai gyaran kujerun mota shi ne mutuminka. Zai ɓalle ƙusoshin da ke riƙe fatar, ya yaye ta, ka hau soson tsirara ya zana inda kake zama da alli. Ya cike gaban da soso mai tauri don gangarar ta kwanta, ya ɗan ƙwaƙule wurin zaman ya yi faɗi, ya rage tudun tsakiya, sannan ya ɗora siririn soso mai laushi a sama ya ja fatar. Kada ka bari ya buga ƙusa sai ka hau ka zauna na ɗan lokaci, ragewa tana da sauƙi, mayarwa ce wahala. Haka in babur ɗin ya tsufa soson ya mutu, kana jin faranti da tafin hannu, canjin soso ya kamata, ba a ɗora sabuwar shimfiɗa a kan gawa ba.

In kana goyon wani a baya, shi ya fi ka shan wuya, wurinsa ya fi ƙanƙanta, yana kan tayar baya daidai inda duka ke sauka, ga shi ba ya ganin rami kafin a faɗa. Ƙaramar shimfiɗar jel ko ta iska tana taimakonsa ƙwarai, ka kuma ƙara wa shok ɗin baya tauri gwargwadon nauyin, in naka mai matakai ne da ake juyawa da sifana.

Magana ɗaya da ba ta shimfiɗa ba: idan sagewar nan ta gaba ba ta wucewa bayan ka sauka, ko ciwon yana sauka ta bayan cinya har ƙafa, ko ka ga ƙurji yana neman zama maruru, ka je ka ga likita, kada ka tsaya canza matashi.

Tunda zafin awa ɗaya ka ambata, ni a wurinka zan fara da cire kayan aljihu da canza wandon ciki, in yi tafiyar da na saba in ga bambanci. In har yanzu ƙasusuwan nan biyu ne ke ƙuna, ta iska, a saita ta da iska kaɗan kamar yadda na faɗa. In zirga-zirgar cikin gari ce kawai da hawa da sauka, raga ta ishe ka. Ka faɗo mana irin babur ɗin da tsayinka, da ko kana taka ƙasa da tafin ƙafa gaba ɗaya, sai a san kaurin da za ka iya ɗauka. Allah ya tsare hanya.