Yadda Ake Gane Tsutsotsin Ƙwari da ke Cikin Yashin Kogi

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai nazarin halittu. Na ɗebo yashi da laka daga ƙasan kogi, na tace da rariya, sai na ga ƙananan halittu iri-iri suna motsi, wasu jajaye, wasu kuma masu jela. Ta yaya zan bambanta su?

Amsa: Sannu da ƙoƙari. Abu na farko shi ne ka zuba abin da ka tace a cikin farin faranti mai ɗan ruwan kogin, ka bar shi ya natsu na ɗan lokaci, domin halittun da suka yi lamo kamar matattu za su fara motsi, kuma yanayin motsin kansa alama ce. Rariyar da ramukanta ba su wuce rabin milimita ba ita ce ta dace, kuma gilashin da ke ƙara girman abu sau 10 ya wadatar a matakin farko.

Ka fara da ƙirga ƙafafu. Idan halittar tana da ƙafafu 6 masu gaɓoɓi, to ka duba ƙarshen jikinta. Mai jela 3 sirara, wadda ke da wasu ƴan abubuwa masu kama da fuka-fukai a gefen cikinta, waɗanda galibi suke kaɗawa, tana cikin rukunin da masana ke kira Efemeroftera, kuma da waɗannan fuka-fukan take numfashi. Masu haƙa rami daga cikinsu suna da haure biyu a gaban kai da ƙafafun gaba masu faɗi, waɗanda suke ture laka da su. Mai jela 2 kuwa galibi Filekoftera ce, amma a nan ne ɗalibai suka fi yin kuskure, saboda jela takan karye wajen tacewa, kuma akwai ƴan Efemeroftera da jelarsu 2 ce tun asali. Don haka farce ne abin dogaro: Efemeroftera tana da farce ɗaya a kowace ƙafa, Filekoftera kuma tana da biyu.

Idan ka ga ɗan bututun yashi ko na tsinke yana tafiya da kansa a cikin faranti, kada ka yi mamaki, tsutsar Tirikoftera ce a ciki, wadda take liƙa ƙwayoyin yashi da zaren da take fitarwa daga bakinta ta gina wa kanta gida. Ɗan mazari kuma yana da sauƙin ganewa, domin leɓensa na ƙasa a naɗe yake ƙarƙashin kai, yana cilla shi gaba ya cafke abinci.

Jajayen da ka ambata, idan suna da ɗan kai mai tauri da ƙafafun ƙarya a gaba da baya, tsutsotsin Kironomidi ne, wato dangin wasu ƙwari masu kama da sauro amma ba sa cizo. Jan launin nasu daga himogulobin yake, wato sinadarin da ke sa jini ja yana ɗaukar iska, wanda ke ba su damar rayuwa a cikin lakar da iskar oksijin ta yi ƙaranci. Idan babu kai kwata-kwata, to dangin tana ne, ba ƙwari ba. Ka rubuta launin kafin ka adana su a cikin itanol, wato wani nau'in barasa, mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, domin sinadarin yana kashe launi.

A ganina, kada ka matsa wa kanka sai ka gano ainihin jinsin kowace tsutsa. Waɗanda ke zaune can cikin yashi sau da yawa ƙanana ne da ba su gama girma ba, kuma alamomin da ake rarrabe jinsi da su ba su bayyana a jikinsu ba tukuna, har ƙwararru ma sukan tsaya a matakin dangi, ko su koma ga gwajin ƙwayoyin gado. Sanin rukunin kaɗai yana da amfani: yawan Efemeroftera da Filekoftera da Tirikoftera yana nuna ruwa mai tsabta, yayin da jajayen tsutsotsi su kaɗai, masu yawan gaske, suke nuna cewa ƙazanta ta shiga kogin.