Modem huɗu a kan kwamfuta ɗaya, da sauran tambayoyinku

Tambaya: Malam, muna da ofishin dillancin kaya a Agege, kwamfutocinmu shida. Na sayo modem huɗu na USB a Computer Village, kowanne da layinsa, na jona su a tsohuwar kwamfuta mai Linux domin kowa ya riƙa bi ta kanta yana tura wa direbobi saƙo. Yau su yi aiki, gobe su ƙi. Ko jabu aka sayar mini?

Amsa: Alhaji, kafin ka hau mota zuwa Ikeja neman faɗa, leƙa bayan kwamfutar. Na tabbata duk huɗun suna rataye a jikin ɗan ƙaramin hob ɗin nan (abin da ke raba ramin USB ɗaya ya zama da yawa) mara caja, kamar an rataye tsire. Wannan ɗabi'a ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ramin USB 2.0 guda ɗaya miliamp 500 yake bayarwa, kai kuma ka tara masa baki huɗu. Modem ya fi zuƙar wuta lokacin da yake magana da turken sadarwa, to da biyu sun motsa tare sai ɗaya ya mutu ya farfaɗo. Sayi hob mai cajarsa daban, ka jona cajar a UPS, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, tare da kwamfutar mai Linux. Da idona na ga ofishin da aka sa wa kwamfuta UPS aka bar hob a bango, ana ɗauke wuta allo na haske amma modem duk sun yi shiru.

Matsalar ba ta tsaya nan ba. Duk modem ɗin da ya farfaɗo, Linux na iya sake masa suna. Wanda jiya yake ttyUSB0 yau ya koma ttyUSB3, ga shi modem ɗaya kan fito da ƙofa biyu ko uku masu irin wannan suna, ba duka ke karɓar umarni ba. Daina kiran su da waɗannan sunaye. Shiga /dev/serial/by-id ka ɗauki sunan da ba ya canzawa. In masu araha ne da lambarsu ta zo ɗaya, koma /dev/serial/by-path, mai ba da suna gwargwadon ramin da aka jona, kuma kada yaron ofis ya sake sauya musu rami. Ni tef nake manna wa kowanne in rubuta lambar layinsa da maka, kai ma yi haka.

Rabawa kuwa ser2net nake so, manhajar da ke ba sauran kwamfutoci damar isa ga modem ta hanyar sadarwar ofis. Ka ba kowane modem lambar ƙofar da kwamfutoci za su kira shi ta kanta, 2001 zuwa 2004, sannan ka kunna rotator ɗinsa ya riƙa miƙa mai kira ga wanda ba kowa a kai. Kashe ModemManager, manhajar Linux mai kula da modem, in ba haka ba, zai riga ka kama ƙofofin. Buɗe minicom, manhajar aika wa modem umarni, ka rubuta AT, in ya ce OK, aiki ya tafi. Amma don Allah ƙofofin nan su tsaya cikin ofis. Telnet, hanyar da ake bi a shiga ƙofofin, ba ya ɓoye komai, kuma layukan da lambar NIN ɗinka aka yi musu rajista. Wani ya shigo ya tura saƙon damfara, ƙofarka za a ƙwanƙwasa.

Tambaya: In na haɗa modem biyu, gudun intanet zai ninka? Daga wata baiwar Allah a Idi-Araba.

Amsa: A'a, Hajiya. Rauta (na'urar raba intanet) mai manhajojin OpenWrt da mwan3 za ta raba mutane tsakanin layukan biyu, amma fayil ɗaya layi ɗaya zai bi. Amfaninsa shi ne in ɗaya ya yanke ɗayan ya riƙe ku.

Tambaya: Na tsinci modem na 56k a kayan mahaifina a Obalende. Zai yi?

Amsa: Ɗan'uwa, tsarin V.90 ne na 1998, layin waya na ƙasa yake buƙata, ba ya cin sim. In ba ka da irin wannan layi a gida, goge shi ka ajiye wa jikoki su gani.