Inda za ki nemo kayan bincike kan bukukuwa da yawon buɗe ido

'Yar'uwa, kin ce kin shiga ɗakin karatu neman littattafai kan bukukuwa da yawon buɗe ido, kin fito hannu rabbana. Littattafan suna nan, warwatse suke kawai. A tsarin Dewey, wato tsarin lambobin da ake jera littattafai da shi a ɗakin karatu, harkar yawon buɗe ido tana lamba 338.4791, bukukuwa kuma suna 394.2, can gefen al'adu. Wanda ya tsaya a kanta ɗaya zai ɗauka babu komai.

Ni dai na fi so ki fara da mujallun ilimi, domin sabon bincike a can yake fara fitowa kafin ya shiga littafi. Annals of Tourism Research tana fitowa tun 1973, akwai kuma Tourism Management da Event Management. Ki binciko su a Google Scholar ko Scopus, wato shafukan intanet na neman maƙalolin ilimi. Idan kin dace da maƙala mai kyau, kada ki ajiye ta sai kin bi jerin madogararta ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya fi kowace kalmar bincike kai mutum inda yake so.

Alƙaluman matafiya kuwa, hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Madrid ce ke tattara su. Bukukuwan gargajiya ki duba jerin UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na yarjejeniyar 2003 kan kare al'adun gargajiya.

Sannan ki zauna da ma'aikacin ɗakin karatun, ki tambaye shi rumbunan intanet da suka yi wa rajista, da yadda ake aro daga wani ɗakin karatu.